Wayar Mato Ta Koma Munduwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ni ce Sakinatu, 'yar Jika maƙeri na Damagaram, matar marigayi Mato, mazauniyar Gangara a ƙasar Damargu. Da hannuna nake rubuta wannan, da ɗan ajamin da kawuna ya koya mini kafin a kai ni ɗakin miji. Jikina ya gaza. Ƙafafuna sun kumbura, daga ɗaki zuwa randa sai na tsaya na huta. Amma hankalina yana nan daram: na san jikokina da sunayensu, na san awakina da kamanninsu, na san bayan sallar layya muke, a shekara ta 1346 daga hijira, kuma damina na bakin ƙofa. Malam Lawali limaminmu da maƙwabciyata Indo su ne shaiduna.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Ahmadu babba, mai riƙe da maƙerar gidanmu; Ramatu, da ke aure a Belbeji; da Sidi autana, wanda ya gaji aikin ubansa na kula da wayar tangaraho. Raliya matar Sidi ita ma ta zauna a karanta da ita, don akwai sunanta a ciki.

Ina tsoron mutuwa kamar kowa. Sai dai akwai tsoron da ya danne wannan, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kullum la'asar hadari yana haɗowa daga gabas, kullum yana ƙara matsowa, kuma duk sanda aka yi cida sai in fara tambaya ina Sidi yake.

Na ɗaya. In Allah ya karɓi raina, Indo ta yi mini wanka, Ramatu ta zuba ruwa in ta iso. Kada a jira kowa. Farin ƙyallen likkafanina yana ƙasan adudu, na riga na wanke shi. In akwai wuri kusa da ubanku, a sa ni can.

Na biyu. Gonar bakin rijiya da awaki da tukwane da tasoshi, a raba su yadda Malam Lawali ya ce shari'a ta raba. Ban sa baki ba. Abin da nake roƙo kawai, jar akuya mai karyayyen ƙaho ta faɗa rabon Ramatu, don ita ta yi renon ta, kuma ba ta yarda kowa ya tatse ta sai ita. Geron da Indo ta riƙa aiko mini tun ina takaba, a mayar mata daga girbin bana, ko da ta rantse ba za ta karɓa ba. Za ta rantse, ku ajiye mata a ƙofar rumbu ku tafi. Akwai kuma azumin da ciwo ya hana ni ramawa, a ciyar a madadina.

Na uku. Wayar jan ƙarfe da Sidi ya naɗe ya ɓoye a ƙarƙashin gadonsa tawa ce. Ba ta Nasara ba ce, ba ta cikin gadon ubanku. Ku bari in faɗi yadda aka yi, don lokacin da abin ya faru Ramatu ba ta nan, Sidi ma ba ya nan, kuma kowa cikinku ya ɗauki guntun labarin ya riƙe.

Asalin wayar nan mundayen ƙafata ne guda biyu, waɗanda ubana ya ƙera mini da hannunsa ranar da za a kawo ni Damargu. Ko a shekarar yunwar Kakalaba, da muka sayar da tabarmar da muke kwana a kai, ban fitar da su ba.

Kun san da aka ja waya daga Damagaram ta bi ta gefen garinmu, aka gina ɗan ɗaki na ciyawa aka sa na'ura da mai buga ta, ubanku aka ɗauka yana gyaran inda waya ta tsinke, don ya iya haɗa ƙarfe da darma. A inda wayar waje take shigowa ɗakin, akwai ɗan allon katako a jikin bango, da ƙusa biyu masu murɗi. Tsakanin ƙusoshin nan ana ɗaura wata 'yar waya siririya, kamar gashin wutsiyar doki. Duk sanda aka yi tsawa mai ƙarfi a kan hanya, sai 'yar wayar nan ta ƙone, magana ta yanke. In wadda aka ajiye ta ƙare, sai an jira raƙumi ya kawo wata daga Damagaram. Kafin nan sai gardi, dogarin Nasara, ya zo ya tsaya a ƙofar gidanmu yana ɗaga murya, yana cewa kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, na tambaya me aka ɗauki maƙeri ya yi.

Abin ya ci wa ubanku rai. Shi mutum ne da bai taɓa ƙera fartanya aka dawo masa da ita ba. Ya riƙa cewa, “Sakina, wane irin maƙeri ne a ƙasar Nasara yake ƙera abin da kullum sai ya ƙone? Da almajirina ne da na kore shi.” Bara war haka, mai buga waya ya kwanta zazzaɓi aka ɗauke shi zuwa Tanut, ɗakin ya zama a hannun ubanku. Sai ya zo ya zauna gefen turmi, ya yi ta zancen da ba shi ya kawo shi ba, can ya ce in ara masa mundayena, zai ƙera mini waɗanda suka fi su bayan kaka. Na ce masa, “Tsohon banza, shekara nawa kana kallon ƙafata, ashe jan ƙarfen kake kallo.” Ya yi dariya har da tari. Na kwance na ba shi.

Ya narka su, ya buge, ya ja ta cikin hujin ƙarfe har ta zama waya mai kaurin alƙalamin nan da ke hannuna. Ya tura ta cikin garwashi, Ahmadu na zuga, ta yi ja wur ba ta narke ba. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa duk wanda ya wuce. Ya je ya cire siririyar, ya sa tasa tsakanin ƙusoshin nan biyu, ya ɗiga darma a kowane baki. Wayar ya gwada a wuta. Bai gwada darmar ba, bai gwada katakon ba, bai ɗaga kai ya dubi ciyawar da ke sama ba.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne. Na ɗauko masa fura, ina tafe hadari ya taso, na laɓe ƙarƙashin aduwar da ke kallon ɗakin, shi yana tsaye a ƙofa yana yi mini hannu in yi sauri. Aradun ba a kan ɗakin ta faɗi ba. Can nesa ta faɗi a kan hanyar waya, wajen arewa, na ga haskenta. Kafin in rufe ido in buɗe, na ji wata ƙara a cikin ɗakin kamar an fasa tulu, na ga wuta shuɗiya ta tashi daga jikin bango daidai inda allon yake. Ciyawar ta sha rana tun rani, ruwa kuma bai riga ya sauko ba. Ubanku ya juya ya shiga don ya fito da na'urar, amana ce a hannunsa. Na kira shi da sunansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa. Rufin ya faɗo. Ahmadu da mutanen rijiya suka jawo shi, ya kwana biyu bai san wanda ke kansa ba, ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar nan ta zama kaffara.

Da toka ta huce, ni da Ahmadu muka je. Wayar tana nan kwance, ta yi baƙi amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Bakinta biyu ne suka ba da labari. Darmar ta narke ta zuba ƙasa kamar man shanu a rana, ƙusa ɗaya ta cinye rabi, allon kuwa ya zama gawayi, kuma daga nan ƙunar ta hau bango. Da mai buga waya ya warke ya dawo, ya zo mini gaisuwa, ya zauna a zaure yana kuka kamar ɗan gida. Da guntuwar Hausarsa ya faɗa mini cewa siririyar nan da gangan aka yi ta siririya. An sa ta ne ta riga kowa mutuwa, ta yanke wa wutar sama hanya tun a bakin ƙofa. Ya ce ba ƙarfin waya ake dubawa ba in za a sa ta, ana duba abin da bakinta zai kama, wane zafi shi zai iya ɗauka. Ni na gane maganarsa tun bai gama ba. Duk macen da ta taɓa barin ludayin duma a bakin tukunya ta san tukunya tana jure wutar da ludayi ba ya jurewa.

Sidi, kai kana can arewa kan raƙumi kana bin turakun waya, sai bayan an share wurin ka iso. Abin da ka tarar kawai wayar ubanka, lafiya lau, ita kaɗai ta tsira a ɗakin. Ka rungume ta kana cewa, “Ku duba aikin Baba, aradu ma ta kasa shi.” Yau nake ba ka amsa, ɗana. Gaskiya ne aradu ta kasa ta. Da ta kasa ta, sai ta bi ta cikinta ta wuce, ta sauka a kan abin da ba ta kasa ba, kuma ubanka na cikinsu.

Na huɗu. Na san abin da kake shiryawa. An sake gina ɗakin, an sake rufa shi da ciyawa, an ba ka aikin. Siririyar ta riga ta ƙone sau ɗaya da busasshen hadarin makon jiya, gardi ya zo ya yi maka irin tsawar da yake yi wa ubanka. Raliya ta ga ka fito da wayar kana miƙe ta, kana goge ta da yashi. Kada ka yi mata faɗa. Ni na matsa mata, kuma da kuka ta faɗa, hannunta a kan cikinta.

Kana cewa mu gidan maƙera ne, wuta ba ta cin mu, in ta ci ubanka to da hannun wani a ciki. Na san inda ka samo wannan. Kana yaro kana kan wuyan Ahmadu kana kallon ubanka ranar salla yana wasa da ƙarfen da ya yi ja wur daga wuta, yana goga shi a hannu, mata na guɗa. Ni ma na yi guɗar. Amma in taro ya watse ni ce nake shafa masa man shanu a tafin hannu, ni ce nake fasa masa bororo da ƙaya, yana cije baki yana cewa kada in gaya wa yara. Ya san wutar maƙerarsa, ya san inda zai kama da inda zai saki. Wutar da ke bin waya ba a maƙera aka hura ta ba, ba ta san gidan kowa ba. Babu wanda ya yi wa ubanka asiri. Ya yi aiki mai kyau a wurin da ake son aiki marar ƙarfi, iyakar abin ke nan, kuma bai rage masa daraja a wurina ba ko ƙwayar gero.

Don haka ga abin da nake so ka riƙe. In siririyar ta ƙone, ka sa irinta, wadda mai buga waya ya ba ka da hannunsa. In babu, ka jira raƙumi, ko magana za ta yanke har kaka. Kada ka ninka ta biyu, kada ka sa wani ƙarfe a madadinta. Ka riƙa duba ƙusoshin nan, ka goge tsatsa, ka murɗa su su kama sosai, don mai buga waya ya ce bakin da ya yi sako-sako shi ke fara zafi. In ka ga hadari ya haɗo, ka fita daga ɗakin ka yi nisa da turaku. In wuta ta kama, kada ka shiga don na'ura. Nasara suna da wata na'urar a Damagaram, ni ba ni da wani auta. In gardi ya zage ka, ka sunkuyar da kai ka ce to. In sun kore ka, ga maƙera, ga gona, ubanka ya ci da mu da su tun ba a san waya ba a ƙasar nan.

Na biyar. Zanar da aka kafa a tsakiyar gida a cire ta. Ahmadu, abin da ka faɗa gaskiya ne, amma a ranar sadakar arba'in ka faɗe shi, a gaban baƙi, ƙanenka yana raba waina. Ka ce wayar Baba ce ta kashe Baba. Shi kuma ya ce maka ɗan zuga, wanda bai iya komai ba sai hura wa wasu wuta, alhali ya san hannunka na dama har yanzu bai miƙe daidai ba saboda jawo ubanku daga cikin wutar. Tun ranar ba ku sa hannu a akushi ɗaya ba. 'Ya'yan Ahmadu sai sun leƙa ta hujin zana suke gaida Raliya. Ni ina kwance ina jin tabarya biyu a gida ɗaya, kowace da lokacinta. Ahmadu, kai ne babba, kai za ka fara zuwa. Kada ka je da hujja, ka je da tuwo. Sidi, in yayanka ya zo, ka tashi tsaye, ka dubi hannun nan nasa kafin ka buɗe baki. Ramatu, ke ce suke jin kunya su biyun, kada ki koma Belbeji sai kin ga an naɗe zanar nan an jingine ta bayan rumbu.

Na shida, kuma shi ne wanda na tara ku dominsa. Na tambayi Malam Lawali ko zan iya barin wayar ga ɗaya daga cikinku. Ya ce magaji ba a yi masa wasiyya sai sauran sun yarda, amma wanda ba magaji ba ana yi masa, muddin bai wuce sulusi ba. Ya duba abin da na mallaka, ya ce wayar ba ta kai ba. To, na bar ta ga Raliya matar Sidi. Ba ta gadona, don haka babu mai ja. Kuma ba waya na bar mata ba, mundaye na bar mata. Ubanku ya are su da alkawarin zai mayar, Allah bai ba shi iko ba, 'ya'yansa za su cika masa.

A kai ta maƙerar gidanmu. Ahmadu ya sare ta gunduwa-gunduwa ya narka, Sidi ya riƙe zugazugi. Haka nake so, kada a sauya. A yi su biyu, masu kauri, da 'yan ƙwayoyi a ciki yadda ubana ya yi su, masu ƙara in ana tafiya. Kada a rage ko guntun da zai kai tsawon yatsa. Indo za ta tsaya a wurin, ta san nauyin mundayen, ta sha ɗaga su tana yi mini tsiya wai da su ake gane na fito ɗiban ruwa tun daga bayan gari.

Raliya, 'yata, na ɗora miki kaya kina da ciki, ki yafe mini. Ki sa su a ƙafa, kada ki kwance ko za ki yi wanka. In Sidi ya zo miki da daɗin baki yana cewa aro ne zuwa kaka, ki tuna ni ma haka aka ce mini, kuma mai faɗar ya fi shi iya magana. Ki ce masa uwarsa ta hana. In kin haifi mace, nata ne ranar aurenta.

Indo ta ce in rubuta cewa ban yafe wa Sidi nonona ba in ya ƙi. Na ɗora alƙalami na kasa. Na yafe muku duka, ku ukun, ba da sharaɗi ba, duniya da lahira. Sidi, ba ni da sandar da zan kore ka da ita daga bakin ɗakin nan, roƙonka nake yi. Na ga ubanka ya shiga ta ƙofar nan ina riƙe da ƙwaryar fura, har yau in na rufe ido ita nake gani, sai dai yanzu fuskarka ce take juyowa.

Na san wasiyya sai bayan rai take aiki, amma hadari ba zai jira raina ba. Malam ya ce abina ne, ina da ikon bayar da shi tun yau. To na bayar. Gobe da hantsi a hura wuta. Ɗakina yana jin maƙera, kuma na san bugun Ahmadu, na san zugar Sidi, tun yana yaro yake yin ta da gaggawa. In na ji su tare, zan juya fuskata gabas in jira abin da Allah ya rubuta ba tare da wannan nauyin a ƙirji ba. In kuma ban kai goben ba, kada a yi sadakar uku sai mundayen suna ƙafar Raliya.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci 'ya'yanku da abin da ke cikin ciki. Allah ya ba ku damina mai ruwa marar ɓarna, ya tsare ku daga wutar ƙasa da wutar sama da wutar gobe. Ku ci a akushi ɗaya, ku riƙa zuwa Belbeji kuna duba 'yar'uwarku, kada ku bari sai rasuwa ta tara ku. Ku yafe mini abin da na yi muku, ku riƙa haɗa ni da ubanku a addu'a. Duk wanda ya ji ƙarar mundayen nan a tsakar gida bayan ba ni, ya yi mini fatiha, sannan ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya tabbata ɗan'uwansa ya shigo gida kafin ruwa ya sauko.